Hawan dutsen bai kayar da ni ba, saukowa ce ta kusa gamawa da ni. Ina na yi kuskure?

Baban Ummi

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri in fara da labari, don in ban ba da shi ba ba za ku gane inda ta dosa ba.

Shekarata 46, aikina na zama ne, daga safe zuwa la'asar ina kan kujera gaban kwamfuta. Akwai wani dutse can cikin karkara da muke hangowa daga titi duk lokacin da muka wuce. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara 17, ya fi wata uku yana damuna: "Kawu, yaushe za mu hau?" Asabar ɗin da ta wuce na ce to, shirya mu je. Daga cikin mota in ka dube shi sai ka rantse awa guda ta isa a hau a sauko.

Ƙarfe 11:30 muka ajiye mota a gindin wata bishiya kusa da gonar ƙarshe, don sai da na gama wasu 'yan sabgogi kafin mu fito. Guzurinmu gorar ruwa ɗaya mai lita ɗaya da rabi, mu biyu. Takalmin ƙafata kambas ne sabo fil, ranar Alhamis na saye shi musamman don wannan tafiya. Ya ɗan kama ni a yatsu, na ce ai zai saki. Yaron ya kunna wata manhaja a wayarsa, ita ce daga baya ta nuna mana cewa daga mota zuwa ƙololuwa kilomita 3 ne, tsayin da muka hau kuma mita 450.

Kilomita ta farko tsakanin gonaki ce, muna tafe muna hira. Daga nan ƙasa ta fara miƙewa, hira ta ɗauke. Sai tsakuwa, sai manyan duwatsu da sai ka dafa da hannu, sai haki. Sau biyu ina ganin ga ƙarshen nan, in tattara ɗan sauran ƙarfina in haye, ina ɗaga kai sai in ga wani tudun tsaye a bayansa. A na biyun ne ruwanmu ya ƙare. Amma dai mun kai, ƙarfe 2:30 daidai. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na gani a can ya biya ni. Gonaki shimfiɗe kamar an jera tabarmi, shanu ƙanana kamar tururuwa, ga shirwa tana shawagi a ƙasa da mu, ina kallon gadon bayanta. Tunda nake ban taɓa ganin tsuntsu yana tashi ta sama ba sai ranar. Iska mai sanyi tana kaɗawa, muka baje a kan wani falalen dutse, hoto, bidiyo, har na ɗan yi gyangyaɗi. Sai 3:30 muka miƙe. A raina na ce ai an gama mai wuyar, saukowa minti arba'in ce.

Ban yi taku ɗari ba gwiwoyina suka fara rawa kamar mazari. Ba haki nake ba, numfashina lafiya lau, amma duk takun da na yi sai in ji ƙafar kamar ba tawa ba, tana neman lanƙwashewa. Yatsuna kuma suna dukan bakin takalmi, kowane taku kamar an buga mini guduma a farce. Muna cikin haka yaron ya hango rufin motarmu yana ƙyalli can ƙasa, ya ce Kawu ga mota can, me zai sa mu zagaya, mu yanke kawai. Ni da na fi shi shekaru na biye masa. Muka gangara ta cikin ciyawa kusan minti ashirin, sai ga mu a bakin wani dutse sumul da ya yanke tsaye, zurfinsa ya kai tsayin ɗaki biyu. Babu ta dama babu ta hagu. Dole muka sake hawowa inda muka baro, babu ɗigon ruwa, harshena kamar tsumma. Can gaba tsakuwa ta kwashe ni na zauna daɓas, na zame a kan mazaunaina, wando ya yage, tafin hannu ya saɓule. Duhu ya same mu a dutsen. Da fitilar waya muka ƙarasa, cajin yana kashi 8 cikin ɗari, muka iso mota 6:50.

Lahadi na tashi da ɗan tsami, na ce ashe da sauƙi. Litinin kuwa da baya-da-baya na sauko matakalar ofis, ina riƙe da ƙarfe, masinja yana tambayata ko hatsari na yi. Faratan manyan yatsuna biyu sun yi baƙi ƙirin. Shi kuwa yaron ranar Lahadin ma ƙwallo ya je.

To ga tambayar. Me ya sa saukowa, wadda ko haki ba na yi, ta fi hawa illata ni? Kuma yaya masu yin abin nan suke lissafin lokaci, tunda nawa lissafin ya tashi daga awa ɗaya zuwa bakwai da ɗoriya? Uwargida ta ce shekaru ne, in haƙura. Ni kuma shirwar nan ta tsaya mini a rai, ina so in koma wata mai zuwa.

Tsohon Safiyo

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, don wanda duhu ya kama a dutse babu ruwa ya sauko da yagaggen wando kawai, barka ake yi masa.

Na yi shekaru ina ɗaukar kayan awo ina hawa tsaunuka saboda aiki, yanzu na haura sittin kuma ban daina ba, don haka ka gaya wa uwargida a gaishe ta, amma ba shekaru ba ne. Kuskurenka na farko ba a dutsen ka yi shi ba, a gida ka yi shi, lokacin da ka tsaya sabgogi har 11:30.

Bari in ba ka lissafin da muke amfani da shi. Wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotlan, William Naismith, shi ya tsara shi a 1892, har yau kuma da shi ake farawa. Kowace kilomita 5 ka ba ta awa ɗaya, sannan kowace mita 600 ta hawa ka ƙara awa ɗaya. In ka sauƙaƙa, minti 12 ga kilomita, minti 10 ga kowace mita 100 da ka ɗaga sama. Naka dutsen: kilomita 3 minti 36, mita 450 minti 45, jimilla awa ɗaya da minti 21. Kai kuma awa uku ka yi. Kar wannan ya dame ka. Shi lissafin na mutum ne mai ƙarfi, a kan hanya mai kyau, wanda bai tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Amfaninsa shi ne ya zame maka ma'auni: yanzu ka san cewa a irin wannan dutsen, da irin jikin da kake da shi yau, sai ka ninka abin da lissafin ya ba ka sau biyu da 'yan kai. Wannan lambar taka ce, ka riƙe ta, za ka ga tana raguwa.

Saukowa kuma mutane suna ɗauka kyauta ce. Daga baya wani mai suna Eric Langmuir ya yi wa lissafin gyara: in gangaren mai sauƙi ne ka rage minti 10 a kowace mita 300 ta tsayi da ka sauko, in kuwa mai tsanani ne, wanda karkatarsa ta wuce digiri 12, ƙara minti 10 za ka yi, ba ragewa ba. Ka duba naka: kilomita ta farko shimfiɗe take ka ce, ke nan mita 450 ɗin nan a cikin kilomita 2 ka hau su, kuma tabbas akwai wuraren da suka fi haka miƙewa nesa ba kusa ba. Irin wannan ni lokacin da na ba hawa shi nake ba sauka, ba na rage ko minti ɗaya.

Daga nan sai abin da na fi so ka ɗauka a duk maganata. Kafin ka bar mota, ka duba a waya ƙarfe nawa rana za ta faɗi, ka cire lokacin saukowa, ka ƙara cire awa biyu na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi ne lokacin juyawa. In ya cika, ko kana hango ƙololuwa da idonka, ko taku hamsin ya rage, ka juya. Sau uku na taɓa juyawa a kan dutse guda kafin in kai samansa a karo na huɗu, kuma dutsen yana nan inda na bar shi kowane zuwa. Ka kuma lura da ɓangaren da kake saukowa. In ta gabas ne, dutsen da kansa zai tare maka rana, duhu zai riske ka tun mutanen fili suna ganin tafin hannunsu.

Tudun nan da ya yaudare ka sau biyu kowa ya sha shi. Dutse mai doro haka yake, kafaɗarsa tana ɓoye kansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Maganinsa ka daina auna tafiya da ido, ka duba mita nawa ka hau cikin 450.

Yankan hanya kuwa, wannan doron ne dai ya sake cin ku, ta ɗaya fuskar. Daga sama kana ganin mota, kana ganin ciyawar gabanka, amma abin da ke tsakaninsu a ɓoye yake, kuma wurin da ya ɓuya shi ne wurin da ya fi tsayuwa, shi ya sa ma ya ɓuya. A taswira mai layukan tsayi za ka ga layukan sun cunkushe wuri ɗaya kamar an tsefe su, nan ne bakin ramin. Abin da kuka yi daidai shi ne komawa sama. Da yawa a nan suke cewa bari in ɗan dira, ai ba nisa.

Maman Hanif

Sannu Yaya Baban Ummi, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin gashin ƙashi nake yi, bari in amsa ta farkon tunda Baba Safiyo ya gama da lissafi.

Ka ɗauki guga cike da ruwa. Jawo shi daga rijiya aiki ne, kowa ya sani. To ka gwada mayar da shi cike, a hankali, ba tare da ka saki igiya ta zuce ba. Hannunka yana miƙewa amma yana riƙe da nauyi. Haka tsokar gaban cinyarka take yi a kowane takun saukowa: tana miƙewa alhali tana taka wa jikinka gaba ɗaya birki. Irin wannan aikin ba ya cin iska sosai, shi ya sa ba ka haki, amma shi ya fi yi wa zaren tsoka ƙananan yagewa da ido ba ya gani. Rawar da gwiwarka ta yi birkin ne ya gaji, ga shi ka riga ka ƙone ƙarfinsa awa uku wajen hawa, ga rashin ruwa, kuma ban ji ka ambaci kun ci wani abu ba.

Ciwon da ya tsallake Lahadi ya kama ka Litinin ma haka ɗabi'arsa take. Yakan kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya sake ka cikin mako guda. Za ka ji ana cewa wani sinadari ne mai tsami ya taru a tsoka. Wancan cikin awa ɗaya ko biyu da gama motsa jiki yake washewa, ba shi ne ya sa ka sauka matakala da baya ba. Albishirin da zan yi maka shi ne tsoka tana koyon darasi. Wanda ya sha wannan ciwon sau ɗaya, in ya maimaita aikin cikin 'yan makonni ba ya jin ko kusa da na farko. Ke nan komawa wata mai zuwa ta fi komawa baɗi.

Kafin nan ga aikin gida. Ka tsaya a kan matakala ta farko, ka sauke ƙafa ɗaya ƙasa a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, diddige ya taɓa ƙasa, ka koma. Sau goma kowace ƙafa, zagaye uku, kwana uku a mako. Gwiwar da ke sama kar ta karkata ciki, ta bi saitin yatsu. A ofis kuma ka riƙa hawa da sauka da ƙafa. A dutsen ka gajarta taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kar ka dira a kan miƙaƙƙiyar ƙafa, kuma kar ka kwantar da jiki baya don tsoro, nan ne diddige yake zamewa. Ina zargin haka tsakuwar ta kwashe ka.

Farcen jini ne ya kwanta a ƙarƙashinsa. Mai yiwuwa farcen ya fita da kansa, kar ka ɓamɓare shi, kuma na babban yatsa yakan ɗauki shekara ko fiye kafin sabo ya cika. Takalmin nan ka haƙura da shi. Na hawa dutse ana so a sami sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakinsa, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a sa. Ka yi ta yawo da shi kwanaki kafin ranar. Ka yanke farce. In ka kai sama za ka juyo, ka zauna ka sake ɗaure igiya tamau ta wajen idon sawu, don ƙafar ta daina zamewa gaba.

Ruwa kuwa, Yaya, a nan ne na riƙe baki. Lita ɗaya da rabi, mutum biyu, awa bakwai, da tsakar rana! Abin da ake farawa da shi kusan rabin lita ne a kowace awa ga mutum ɗaya, in da zafi ya fi haka. Kowace lita kilo ɗaya ce a baya, na sani, amma nauyi ne da yake raguwa kana tafiya. Ka haɗa da abin ci mai ɗan gishiri, don gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba. In rabin ruwanka ya ƙare ba ka kai sama ba, shi ma lokacin juyawa ne, ko agogo bai ce ba.

Abin da zai sa ka je asibiti: gwiwa ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sakin ka a fili, ko ciwon yana cikin gaɓar ba a naman cinya ba, ko ya wuce mako bai ragu ba. In kuma bayan irin wannan wahalar fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ranar za ka je, kar ka kwana.

Auta

Kawu ni dai a ganina duk an tsawaita. Saukowa da gudu ake yi, in ka tsaya lallaɓawa ne gwiwa take ciwo. Mu minti 25 muke saukowa daga wanda ya kai naku. Kuma don Allah kar a ce ka riƙe sanda, sai ka ce mai zuwa karɓar fansho.

Ɗan Makiyayi

Auta, Allah ya kai ka 46 da gwiwoyinka, sai mu sake zama. Mu da muka tashi a bayan shanu tun muna shekara bakwai da sanda muke hawa, ba mu san fansho ba.

Malam Baban Ummi, ni ban san lissafin Baturen nan ba, amma na yi ƙuruciyata a kan duwatsu, kuma abin da na ga ya ɓace a labarinka shi ne ba ka tambayi kowa hanya ba. Ka ajiye mota a bakin gona. Mai gonar nan ko yaransa sun san dutsen kamar tafin hannunsu, sun san ta inda ake hawa, inda ruwa yake, inda ƙudan zuma suka yi gida. Sallama ɗaya da minti biyar da sun raba ka da bakin ramin nan.

In babu kowa, dabba za ta nuna maka. Saniya ba ta hawa dutse a miƙe, karkacewa take yi, ta yi dama ta yi hagu, shi ya sa turbarta take da tsawo amma ba ta kashe gwiwa. Sai dai ka duba kashin da ke kan turbar. In na shanu ne bi abinka, duk inda saniya ta wuce mutum zai wuce. In ƙananan ƙwallaye ne na awaki ka yi hattara, akuya tana bin inda kai sai da fiffike.

Wani abu kuma, kana hawa ka riƙa waiwaye. Hanya fuska biyu gare ta, yadda take a hawa ba haka take a sauka ba. Duk inda turba ta rabu, ka juya ka dube ta ta inda za ka fito mata anjima, ka riƙe wata alama, bishiya mai rassa biyu ko dutse mai tsaga. Yanzu da waya ma sai ka ɗauki hoto.

Sanda ta kai maka kafaɗa, mai ƙwari, ba busasshen reshen da ka tsinta a hanya ba. A gangare ita take fara sauka, ka kafa ta a ƙasa da kai, ka ji ta zauna, sannan ƙafa ta bi. A kan tsakuwa ka juya gefe ka sauka a karkace. Ka taka dutsen da ya nutse cikin ƙasa, ka bar wanda yake zaune a sama, kuma in ka ga baƙin dutse yana sheƙi da danshi ko gansakuka, sabulu ne. Kai da yaron kar ɗaya ya tsaya saitin ƙasan ɗaya, dutsen da ƙafar na sama ta tunkuɗo ba ya sallama.

Ka ce kuna dafa duwatsu da hannu. Kar ka zura hannu a tsaga ko ka dafa saman da idonka bai gani ba, nan maciji da kunama suke fakewa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. Mu da can duk mun yi waɗannan, kuma na ga ƙafar da ɗauri ya lalata fiye da dafin. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

In kuma lokacin ruwa ne, idonka a sama. Hadari ya haɗo, sauka, kar ka jira ɗigon farko. Kar ka bi ta kwazazzabo ko busasshen rafi don ya fi sauƙi, ruwan da aka yi a kan dutse duk nan yake taruwa, kuma yana zuwa ne gaba ɗaya.

Tsohon Safiyo

Ɗan Makiyayi ya faɗi abin da taswira ba ta faɗa, zancen kashin akuya ni ma da wahala na koye shi. Ƙari kaɗan a kan hadari: in ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Ƙara tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, ke nan kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba kana cikin hatsari, ka bar ƙololuwa, ka bar bishiyar da take tsaye ita kaɗai, ka bar bakin ƙaramin kogo, ko da yake nan rai zai raya maka ka fake.

Waya kuma ba tocila ba ce. Ka sayi 'yar fitilar goshi ka jefa a jaka ko da hantsi za ka dawo, da usur. Busa shida, a dakata minti ɗaya, a sake, ita ce alamar neman agaji da mahaya tsaunuka suka sani. Ka sauke taswirar wurin tun a gida, don wayar tana gane inda kake ko babu sabis. Sannan ka gaya wa uwargida sunan dutsen, ta inda za ku hau, da ƙarfe nawa za ta fara nemanku in ba ta ji ku ba. Wataƙila ma hakan ya sa ta sassauta.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Safiyo, na zauna da biro na yi lissafin. In muka bar mota 6:30 na safe, ko da tafiyata ta kunkuru 9:30 muna sama, mu huta rabin awa, kafin ƙarfe 1 muna ƙasa. Na sa 11:00 ta zama lokacin juyawa saboda zafin rana. Na gaya wa yaron, ya ce ai ba za mu ma kai 11 ba, na ce ko mun kai ko ba mu kai ba, wannan karon ni ne mai agogo, kuma ko rufin mota ya hango yana ƙyalli ya yi shiru da bakinsa.

Maman Hanif, ciwon cinyar ya sake ni ranar Juma'a kamar yadda kika ce, gwiwa ba ta kumbura ba. Na fara aikin matakalar, ta dama tana kai goma, ta hagu tun a shida take fara rawa, ban taɓa sanin ƙafafuna ba ƙarfinsu ɗaya ba. Farcen hagu ya fara ɗagawa ta gefe, na dama yana nan baƙi. Ina so in ji, in bai fita ba kafin ranar, in naɗe shi da filasta in hau, ko in ɗaga tafiyar?

Auta, sanda dai na riga na sa a nemo mini. Takalmin kuma na ba yaron, ya yi masa cif.